Tambayoyina Huɗu da Tukunyar Wankan Jego

Na yi shekaru ina koyar da ɗaliban aikin jinya, kuma a duk darussan da na taɓa riƙewa babu wanda nake ji da shi kamar na ɗa'ar aiki. Sauran malamai gudunsa suke yi. Sun fi son darasin allura da na ƙashi da jijiya, inda amsa ɗaya ce tak, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ni kuwa hannu biyu na karɓe shi, don a lokacin gani nake na san daidai da ba daidai ba kamar yadda na san hanyar gidanmu.

Makarantar a birni take, amma duk shekara akan turo 'yan ajin ƙarshe su yi watanni suna koyon aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwarzo. Da yake ni 'yar Gwarzo ce, kuma babu malamar da ke sha'awar barin birni, sai aka sakar mini su. Ajinmu baranda ce a bayan ɗakin masu haihuwa, da benci shida da allo jingine da bango. Idan mai naƙuda ta yi ƙara, sai mu dakata har ta yi shiru.

Na kama aiki ne zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya ɗaure ciki. Kabad ɗin magani ya koma wurin ajiye kwanukan abincinmu. Safar hannu mu wanke mu shanya a igiya, gobe mu sake sawa. Mai jinya ya zo tun daga ƙauye, abin da zai samu takarda ce da za a ce ya kai kemis. To, idan ma'aikaci ba shi da abin da zai ba mutum, sai ya ba shi tsawa, kuma tsawa muna da ita har ta yi yawa. A gabana wata babbar nas ta sharara wa wata mata 'yar Getso mari, tana tsakiyar naƙuda, don ta ce ita a durƙushe ta saba haihuwa, ba za ta kwanta rigingine ba. Ina ƙarama a aiki, ban ce uffan ba. Matar ta ɗaura zanenta, ta dafa bango, ta fita. Har yau ban san inda ta haihu ba, ban san ko ta rayu ba.

Wannan marin ne ya mai da ni malamar da na zama. Na yi rantsuwa duk wanda ya bi ta hannuna sai ya san mai jinya ba akuya ba ne da za a ja da igiya. Na tsara wasu tambayoyi huɗu da nake rubutawa a allo ranar farko, kuma ba na bari a goge su sai ranar tafiya. Me ke damun mai jinya? An faɗa masa gaskiya da harshen da yake ji? Shi me yake so a yi? Wa ya yarda a faɗa wa sirrinsa? A ƙasansu sai in ja layi biyu in rubuta cewa idan yana cikin hankalinsa, kuma ya san komai, to maganarsa ce ta ƙarshe. Ni mace ce mai faɗa, ban taɓa ɓoyewa ba. Ɗalibin da ya kasa kawo mini su a jere, a tsaye yake ƙarasa darasin.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano na yi murna kamar kowa. Na ce a raina, yanzu dai masu karkatar da magani za su ji tsoron Allah, in ba su ji ba su ji tsoron bulala. Abin da ya iso mu takarda ce, wai a ƙara tsawon hijabin yunifom, a raba zama, maza dama mata hagu. Ban ƙi ba, ni hijabina ya riga takardar tsawo. Muka raba benci, uku nan uku can. Na jira takarda ta biyu, wadda za ta zo da kwalayen magani, har na gaji da jira. Kwanukan abincinmu suka ci gaba da zamansu a kabad.

A cikin 'yan wannan shekarar akwai wata yarinya 'yar Dugabau, ta ƙasar Kabo. Siririya ce, mai ƙaramar murya, kullum a bencin gaba. An yi mata aure da wani malamin Islamiyya tana aji biyu, ta zo mana da ciki ya fara turo yunifom. Mahaifiyarta unguwarzoma ce, rabin yaran unguwarsu ita ta yanke musu cibiya. Saboda haka yarinyar ta zo da hannu, abin da ba a koyarwa a allo. Idan ta shafa cikin mace, sai ta faɗa miki yadda ɗa ya kwanta kafin ke ki gama naɗe hannun riga. Sauran ɗalibai kwafe abin da na faɗa suke yi, ita kuwa sai ta juya magana ta duba bayanta. Ina sonta, kuma irin son da nake yi wa ɗalibi shi ne in fi matsa masa.

Wata rana na gama bayanin layin nan na ƙasa, ta ɗaga hannu.

"Malama, idan mai jinya ya san komai, yana cikin hankalinsa, ya zaɓi abin da zai kashe shi fa?"

Ban ko tsaya tunani ba. Na ce, "Sai ki sake yi masa bayani. Ya ƙi, ki rubuta a fayil cewa ya ƙi, ki yi masa addu'a. Ke nas ce, ba ɗan sanda ba."

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na ji daɗin bakina. Ita ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta rubuta, kamar yadda take rubuta komai.

A hannuna ta haihu, farkon damina, namiji, lafiya lau. Da yake haihuwar fari ce, gidan iyayenta za ta wankan gida, kamar kowace 'yar mutunci. Kowa a nan ya san abin da ke jiran mai jego: kwana arba'in ana tafasa ruwa safe da yamma, a tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa mata a jiki, ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, ta sha kunun kanwa har ya fita ranta. An ce in ba a yi ba sanyi zai shiga ɗanyen jiki, mace ta kumbura. Ni kaina sau biyar na yi shi, ga ni nan da raina. Amma mun karanta, kuma na gani da idona, akwai matan da zuciyarsu ba ta ɗauka. Gishirin kanwa ya tara musu ruwa a jiki, zafi ya ƙara wa zuciya aiki, sai ta gaji. Da ƙafa ta fara kumbura, sai tsofaffi su ce ga sanyin nan da ake gudu, a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

Ranar da za ta tafi na ce mata, "Kin dai tuna abin da muka karanta a kan kanwa."

Ta ce, "Na tuna, Malama."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na ɗauki jaririn na yi masa wasa, na ce hancin na ubansa ne, Allah ya ƙara masa haƙuri.

Kwana ashirin da uku da haihuwa, da hantsi, aka ce ana sallama da ni a bakin asibiti. Mijinta ne, a kan babur, ƙafar wandonsa duk laka. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, na tambayi makaranta da mai jego. Ya ce da sauƙi. Sai ya shiga murza makullin babur. Da na ga ba zai fara ba na ce, "Malam, ba gaisuwa ce ta kawo ka cikin lakar nan ba."

Ya ce, "Malama, ƙanwata ta je duba ta jiya. Ta ce ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Ta ce magana ma sai tana hutawa."

Na ce, "To me kake jira? Matarka ce. Ka je ka ɗauko ta."

"A gidansu take, Malama. Ni ko zaure ba na wucewa. Idan na hango Inna a hanya, sauya hanya nake yi. Da wane baki zan tsaya gabanta in ce ruwanta ne ke cutar da 'yarta? Na duba, wallahi babu inda addini ya ce a yi wannan wankan, kuma bai yarda mutum ya cuci kansa ba. A aji ina faɗa wa matan aure haka. Amma can gidan surukai ne."

Raina ya ɓaci, na kuwa sauke masa. Na ce ku ne kullum a lasifika kuna gyara duniya, ga tsohuwa ɗaya ta gagare ka. Bai musa ba. Ya ce, "Ke malamarta ce, kuma mace ce. Ke za ki iya shiga har ɗaka." Na ce ya bar mini, yau ɗin nan a gadon asibiti za ta kwana. Haka na faɗa masa, da bakin nan nawa.

Na biya kemis na karɓi ƙwayar da ke sa fitsari, mai rage ruwa a jiki, na roƙi wani maƙwabcinmu mai mota ya kai ni. Bayan azahar muka kama hanya, mijin na gaba a babur. Gero ya kai gwiwa, ko'ina kore shar, hanya kuwa sau biyu muna fita muna turi. Da muka isa Dugabau, mijin ya nuna mini gidan da hannu, ya koma can gindin wata bishiya ya tsaya.

Abin da na fara gani a tsakar gida rabin duro ne a kan duwatsun murhu, an cika shi da ruwa, ana hura masa wuta don wankan yamma. Itacen jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya cika gidan. Inna ta taso da fara'a, gajeruwar tsohuwa mai ƙarfin jiki, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Ta san ni a baki, ta ce yau ga Malama har gida. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na ce yaya mai jego.

Ta ce, "Da sauƙi. Sanyi ne ya ɗan shigi yarinyar nan, na ƙara mata wuta."

Yarinyar nan take cewa, don 'yar fari ce, ba ta kama sunanta. Ko ɗakin ba ta kalla ba da take maganar, kamar zancen 'yar maƙwabta ake yi. Amma na ga hannuwanta. Duk sun yi tabon ƙuna saboda ɗiban tafasasshen ruwa, kuma idanunta sun faɗa. Wannan matar ba ta barci, na gane haka tun kafin in ajiye ludayi.

Da na ɗaga labulen ɗakin, zafi ya buge ni kamar na buɗe tanda. Ɗalibata na zaune a kan gadon ƙasa, ta jingina da bango, jaririn na gefenta. Fuskarta ta cika, leɓunanta sun yi duhu. Ta yi yunƙurin sauka ta gaishe ni, na ce ta zauna. Na danna ƙafarta da babban yatsa, ramin ya zauna bai tashi ba. Na sa abin sauraren ƙirji a bayanta. Kafin in cire shi daga kunnena ta riga ni.

"Ruwa ne a huhu, ko Malama? Ina jin gefen dama ya fi."

Na ce, "Tunda kin sani, ɗauki mayafinki. Mota na waje."

Ta girgiza kai. Ta yi magana a hankali, tana tsayawa tana jan numfashi, ni kuma na rage murya don Inna na tsakar gida.

"Saura kwana goma sha bakwai, Malama."

"Ba ki da kwana goma sha bakwai. Ke ce za ki faɗa mini, ko ni zan faɗa miki?"

"Lokacin da na ci makarantar nan, kawunnaina sun taru a zauren nan. Suka ce wa Inna, kika bar ta ta tafi, wata rana za ta dawo ta ce hannunki ƙazanta ne. Inna ta ce 'yarta ba za ta raina ta ba. Ita kaɗai ta tsaya. Yanzu duk matan unguwar nan ido suka zuba. Idan na fita daga ɗakin nan ban yi arba'in ba, aka ce asibiti ta ce wankan Inna ne ya kwantar da ni, babu mai sake kiran ta haihuwa. Wannan ma da sauƙi. Ita kanta za ta san da hannunta ta yi."

Na ce gara ta sani kina raye. Na ce kina da jariri. Na ce ban ɓata watanni a kanki ba don ki zo ki dafu a ɗaki kamar ɗanwake. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su kamata a faɗa wa marar lafiya ba. Ta bar ni har na gaji.

Sai ta ce, "Malama, tunda nake Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa zama kusa da ni a gaban mutane ba. Tun da aka yaye ni hannunta bai taɓa jikina ba sai a wankan nan. Idan ta gama, sai ta tsane mini baya da zanenta."

Ni ma 'yar fari ce, na san wannan zanen.

Ta ɗaga yatsu huɗu, sun kumbura har zoben ya nutse. Ta fara lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, kamar tana tsaye a barandarmu. "Abin da ke damuna, na sani. Gaskiya, kin faɗa mini, da Hausa. Abin da nake so, in ƙarasa. Wanda na yarda a faɗa wa, ban yarda a faɗa wa Inna ba. Ina cikin hankalina, Malama. Ko kina ganin ba na ciki?"

Na ce, "Wannan na aji ne."

"Ke kika ce wanda ba zai yi aiki da shi a gaban gado ba, kada ya wahalar da biro."

Ni na faɗa. Har nakan buga allo idan ina faɗa.

Da wata ce, 'yar ƙauyen da ba ta san hagu da dama ba, na tabbata da na fita na tara gidan, na yi ta faɗa har a sa ta a mota don a rabu da bakina. Amma wannan tawa ce, ta san abin da na sani, kuma da maganata ta ɗaure ni. Na ji kunyar in warware a gabanta abin da na yi shekaru ina ginawa. Wannan ita ce gaskiyar, ba na son ta, amma ita ce. Na ciro ƙwayoyin na ba ta, ta tura su cikin kayan jariri. Ta yi mini alkawari za ta rinƙa rage kunun idan Inna ta ba da baya, kuma idan abin ya ƙaru za ta aiko.

Inna ta rako ni har zaure da ƙwaryar wake. A nan, tana gyara faifan da ta rufe ƙwaryar, ba ta dube ni ba, ta ce, "Malama, jikin da sauƙi ko?"

Na sha komawa zauren nan a raina. Mu biyu ne kawai. Mota na waje, mijin na gindin bishiya. Kalma uku ta isa: zuciyarta ce, Inna. Unguwarzoma ce, ta ga mutuwa, ba ta bukatar dogon bayani. Na buɗe baki na ce, "Da sauƙi, Inna. Amma a rage mata kanwa, a sassauta zafin ruwan."

Ta yi dariya. "Ku mutanen asibiti, ai ku komai a sassauta. Allah ya yi albarka, Malama."

Mijin ya taho da sauri da ya gan ni ni kaɗai. Na ce na ba ta magani, za mu ga yadda hali zai yi. Ya dube ni, ya dubi motar, bai tuna mini abin da na faɗa masa da hantsi ba. A hanya na yi ta lallashin kaina. Na ce ko na ɗauko ta me zan ba ta? Silindar iskar numfashi da ke asibitinmu tun zamanin tsuke bakin aljihu take fanko, mun mai da ita abin tokare ƙofa. Sai dai a wuce Kano, can ma wa ya san abin da za a tarar. Duk gaskiya ne, kuma ko ɗaya ba shi ne dalilina ba.

Bayan mako guda na koma. Ƙwayar ta ɗan yi aiki, ƙafar ta saɓe, har ta yi mini dariya ta tambayi jarrabawa. Na dawo da farin ciki. Abin da na yi washegari shi ne ya fi ci mini rai har yau: na kawo ta misali a aji. Ban faɗi suna ba, ban faɗi gari ba. Na ce ga yadda ake yi, ba tsawa ba tilas, an mutunta mai jinya an mutunta iyayenta, ga shi tana samun sauƙi. Ɗalibai suka rubuta. Daga nan aka kira ni birni aikin jarrabawa, na tafi da niyyar in na dawo zan sake leƙa ta.

Ta rasu ranar kwana talatin da shida, da hantsi, bayan wankan safe. Ba ta aiko ba. Da na dawo na tarar da saƙon mijin, na wuce Dugabau ranar sadakar uku.

Gidan cike da mata. An kife rabin duron a jikin katanga. Inna na zaune a ƙofar ɗakin da jaririn a cinyarta, ta ƙara gajarta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ce Allah ya jiƙanta, ya ba da haƙuri. Ta amsa. Sai ta kama hannuna ta jawo ni kusa, ta kira sunan 'yarta, sau biyu, a gaban kowa. Matan da ke kusa suka sunkuyar da kai.

Ta ce, "Malama, ke kin yi karatu, ki faɗa mini don Allah. Ruwan ne bai yi zafi ba? Itacen damina ne, duk a jiƙe. Ina hurawa yana mutuwa. Wata ran sai in ga kamar bai tafasa sosai ba na sauke."

Ba a faɗa wa uwa irin wannan gaskiyar a zaman makoki. Kuma an hana ni, wadda ta hana ni ɗin tana ƙasa kwana uku. Na ce, "Ba laifinki ba ne, Inna. Kwana ne ya ƙare."

Mata suka ce haka ne, haka ne. Inna ta gyaɗa kai, amma ba ta saki hannuna ba. Ta ce ƙanwar marigayiyar na da ciki wata bakwai, wannan karon tun yanzu za ta tara busasshen itace a ɗaka.

Kafin in tafi na ja ƙanwar gefe, bayan rumbu, na faɗa mata komai a kan kanwa da zafi da zuciya, ban dai ce shi ya kashe yayarta ba. Ta saurare ni kanta a ƙasa, ta ce, "To, Malama." Na san irin wannan to ɗin. Ta haihu da kaka, ta yi wankanta arba'in cif da busasshen itace, ta tashi lafiya lau kamar yadda ni ma na tashi sau biyar. Aka aiko mini da goron suna.

Na ci gaba da koyarwa har na yi ritaya. Tambayoyin nan huɗu ban daina rubuta su ba, don ban sami waɗanda suka fi su ba, kuma ban manta da matar Getso ba. Layin ƙasan ma ina rubutawa, sai dai na daina ja masa layi biyu, na daina buga allo. Kusan duk shekara sai an sami mai kaifin kai da zai ɗaga hannu ya yi mini tambayar da ta yi. Nakan ce ban sani ba. Ɗalibai ba sa son wannan amsar, don ba ta shiga takardar jarrabawa, wasu ma sun ce tsufa ne ya kama Malama. Waɗanda na yaye suna nan a asibitocin ƙasar nan, wasu na tsawa wasu ba sa yi, kabad dai na nan yadda na san shi. Ban ga abin da darasina ya canja ba, ban da abin da ya yi a ɗakin nan na Dugabau.

Yaron ya girma a hannun Inna. Nakan aika masa da kayan salla, ban taɓa iya zuwa na kai da kaina ba. Inna ta yi shekaru bayan haka tana karɓar haihuwa, tana yi wa 'ya'yan mutane wanka, kuma an ce ba ta sake yarda an hura mata jiƙaƙƙen itace ba. Ta rasu tana ganin ruwan ne bai yi zafi ba. Abin da 'yarta ta roƙe ni shi ne kada ta san gaskiya, kuma ba ta sani ba. Na cika alkawarin, ban kuwa taɓa jin daɗin cika shi ba ko na yini ɗaya.